Wa Yake Korar Ƙarami?

Idan ka kai wa Mai Makulli makullinka ka ce ya yanka maka irinsa, ba da makullin zai fara ba, da kai zai fara. Zai sauke gilashinsa zuwa ƙarshen hanci, ya dube ka ta sama, ya tambaye ka ƙofar wa ce. Ka ce taka ce, ya ce to me ya sa kake waige-waige. Ka ce kai ba ka waiga ba, ya ce shi ma abin da ya ba shi tsoro ke nan. Mutane da yawa sun fizge makullinsu sun tafi suna zage-zage, amma akasarinsu sukan dawo, domin duk layin babu mai hannunsa. Makullin da ya yanka ba ya gardama da kwaɗo.

Teburinsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene mai shaguna, inda rana ba ta isa sai ta karkata. A bayansa allon katako ne cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da tarin makullan da ba a yanka ba tukuna. Ga inji a gabansa, ga magagarai manya da ƙanana a cikin tsohon gwangwanin madara, ga garin ƙarfe mai ƙyalli da ke bin sa har aljihu da gashin gira. Maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya daɗe da sallama masa. Shi ne yake cewa ko ruwa ka miƙa wa Mai Makulli sai ya tambaye ka wa ya gaya maka yana jin ƙishirwa.

Ba haka aka haife shi ba. Yana saurayi, bai daɗe da barin hannun maigidansa ba, wani mutum mai fara'a da ƙamshin turare ya kawo masa makulli, ya yanka masa cikin rawar jiki saboda daɗin bakinsa. Ashe ƙofar shagon wani ce. Mai turare ya kwashe kaya ya yi gaba, shi kuma ya kwana a hannun 'yan sanda yana rantsuwar da babu mai saurare. Tun daga nan fara'a ta zame masa alamar haɗari. Matarsa ma ta koyi ta rage murmushi idan tana son wani abu a wurinsa.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa, kuma har suka yi gemu ba ta canza musu kira ba: shi Babba, ƙanensa Ƙarami. Ƙarami mai fenti ne, yana rubuta allunan shaguna, kuma komai nasa a hankali yake yi. Idan aka aike shi sai an manta da aiken yake dawowa. Magana ma sai ya tauna ta kafin ya ba ka. Da ya fara waƙa sai wannan nawar ta zama jarinsa, ga murya mai kauri, ga shi yana jan kalma kamar ba ya son rabuwa da ita. Masu sonsa suka raɗa masa Sannu-Sannu. Bai yi suna irin na manya ba, waƙoƙin ma ba su da yawa, amma waɗanda suka riƙe shi da hannu biyu suka riƙe shi: direbobi, teloli, ma'aikatan asibiti, da matan da ke jefa waya cikin kofi don sauti ya ƙaru suna wanki.

Babba bai taɓa zama ya saurare shi yana raye ba. Abin da yake da shi game da waƙa jimla ɗaya ce, "Za su cuce ka," kuma ya maimaita ta har ta gaji. Ranar da motar da Ƙarami ya shiga ta kife a hanya, wayarsa ta tafi tare da shi. Situdiyon da ya yi aiki a ciki ya rufe ba da daɗewa ba, aka sayar da kwamfutarsu ga masu kayan gwangwan. Abin da ya rage na muryarsa shi ne bidiyoyin da ke kan shafinsa a babban dandalin nan da kowa ke kallon bidiyo.

A nan ne rayuwar Mai Makulli ta sami wani sabon aiki. Idanun Inna, mahaifiyarsu, sun riga sun mutu, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Kullum da safe kafin ya fita, sai ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya buɗe shafin, ya ɗora mata waya a kan cinya. Takan riƙe ta da hannu biyu, ta sunkuyar da kai, ba ta kuka, ba ta magana, har waƙar ta ƙare. Sannan ta ce, "To, ya gaishe mu. Kawo min shayina." Ranar da ta ji shi tana cin abinci. A haka shi ma ya haddace waƙoƙin da ya ƙi saurara, yana jin kunyar da ba shi da wanda zai gaya wa. Bai taɓa ajiye ko guda a cikin wayarsa ba, don ya yi imani duk abin da ka sauke a waya da wani abu yake zuwa a maƙale.

Masoyan Ƙarami suna da zaure da suka buɗe a waya, inda suke hira da tura wa juna waƙoƙinsa. Bayan rasuwar suka nemo lambar Babba suka jefa shi ciki, kowa yana kiran sa Yaya. Bai taɓa rubuta ko harafi ba, amma babu saƙon da ya wuce shi. Shugabar zauren wata ma'aikaciyar jinya ce, suna ce mata Nas, kuma ita ce tun Ƙarami yana raye take ɗora masa bidiyo, don shi nawarsa ba ta barin sa. Mace ce mai fara'a. Wannan kaɗai ya isa Mai Makulli ya sa mata ido.

Wata safiya ya buɗe shafin ya tarar da baƙin allo da ɗan rubutu. Ya koma wata waƙar, baƙin allo. Ya bi su duka, babu ko ɗaya.

"Ya makara ne yau?" in ji Inna, hannuwanta a buɗe a kan cinya.

"Sabis ne babu, Inna. Bari zuwa anjima."

Ta janye hannuwan. Ranar shayin ya huce a gabanta.

Kafin ya isa teburinsa zauren ya kama da wuta, wannan yana kuka, wancan yana tsinuwa. Da rana sai ga Nas da kanta a ƙarƙashin matakala, da fararen kayanta, tana haki. Ta yi masa bayani tsaye. Wani kamfani ne da babu wanda ya taɓa jin sunansa ya gaya wa dandalin cewa waƙoƙin nasa ne, shi ke da haƙƙin mallakarsu. Dandalin bai tambayi kowa ba ya cire su. Ta ce ba Ƙarami kaɗai ake yi wa haka ba, irin waɗannan mutanen mawaƙan da suka rasu suke bi, don sun san mamaci ba ya ɗaukaka ƙara.

"Amma magaji yana iyawa," in ji ta. "Yaya, kai ne magajinsa. Katin shaidarka nake so, da sa hannunka, mu musanta maganarsu. Idan ba su kawo hujja ba dole a mayar."

Mai Makulli ya sauke gilashi zuwa ƙarshen hanci. "Katina."

"Katinka, Yaya."

"Da sa hannuna. A ba ki."

"Ba ni ba, dandalin za a tura wa."

"Ta hannun wa?"

Ta ce, "Ta hannuna."

"Malama, ke kike riƙe da shafin nan ko? Ke kaɗai kike da lambar sirrinsa. Yau an wayi gari kaya sun ɓace, ƙofa ba a ɓalle ba, kuma mai riƙe da makulli ita ce ta fara zuwa neman sa hannuna. Idan ke ce ni, me za ki ce?"

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya," ta juya ta tafi. Mai gyaran takalmi ya cire ƙusa daga bakinsa ya ce wallahi ko mala'ika aka aiko wa maƙwabcinsa sai ya nemi ganin takardarsa.

Zauren bai zauna jiran Yaya ba. Akwai wani mai gyaran waya a cikinsu, suna ce masa Injiniya, shi ya kawo dabara. Ya ce ba mutum ne ke gane waƙar ba, na'ura ce ke saurare tana gwadawa da wadda ɓarayin suka ba ta. Idan ka ƙara wa waƙar gudu kaɗan, ka ɗaga muryar sama ƙiris, ka juya hoton dama ta koma hagu, na'urar za ta wuce ba ta gane ba. A daren farko ya gyara guda ya ɗora, washegari tana nan ba a taɓa ta ba. Zauren ya ɓarke da kabbara da kirari. Aka raba aiki, kowa ya buɗe sabon shafi, wanda bai taɓa ɗora ko hoton kansa ba ya zama mai ɗora bidiyo. Duk wadda aka cire sai biyu su fito a madadinta.

Mai Makulli bai yarda da abin ba, amma Inna ta kwana biyu tana juya abinci da cokali. Ya ja kujerarsa, ya buɗe ta Injiniya, ya ɗora mata. Ta riƙe da hannu biyu. Ba a yi nisa ba ta ɗago kai.

"Babba, wa yake korarsa?"

"Babu kowa, Inna."

"To me yake wa sauri haka? Yaron da ko gobara ake yi sai ya nemi takalminsa?"

"Batir ne ya yi sanyi," in ji shi, ko da yake ko shi ya san batir ba ya sa waƙa gudu.

Ta yi tsaki ta mayar da kai, ta saurara har ƙarshe. Ta sha shayinta, amma ba ta ce ya gaishe su ba.

Tambayar nan ta bi shi har teburi. Yana goga makulli yana lissafi, kuma lissafin irin nasa hanya ɗaya yake bi. Kafin ɓarawo ya ce waƙa tasa ce, dole ya miƙa wa na'urar ta asali, mai tsabta. Wa ke da ta asali? Injiniya dai daga ta asali ya yi tasa. Ke nan tana hannunsa tun kafin a cire. Kuma wa ya fito da magani tun ciwo bai kwana biyu ba? A wurin Mai Makulli wannan ba zargi ba ne, hujja ce da ta cika ta tumbatsa. Bai tsaya tunanin cewa duk mai waya yana iya ajiye waƙar da yake so ba, domin shi ba ya ajiyewa, kuma a ganinsa mai hankali ba ya ajiyewa.

Ranar ya yi magana a zauren karo na farko. Saƙon murya ya tura, injinsa yana ƙugi a baya.

"Salamu alaikum. Ni ne yayan marigayi. Magana ɗaya ce da ni. Duk wanda yake da waƙar ƙanena ta asali a wayarsa, shi ya sayar da ita, ko ya san wanda ya sayar. Ina nan ina bincike, kuma na san hanyar ofishin 'yan sanda tun kafin a haifi wasunku. Mai gyaran waya ya fara gaya mana inda ya samo tasa."

Can Injiniya ya rubuta cewa ya rufe shagonsa wuni guda saboda waƙoƙin nan, kuma Allah ya isa bai ce ba don darajar mamaci. Ya fita daga zauren. Sauran kuwa kowa ya sha jinin jikinsa. Akwai mutane da dama da ke da ta asali a wayoyinsu, sun sauke tun da daɗewa don su ji ba tare da ƙona data ba, wasu ma suna shirin kawo masa a kati don Inna. Daga wannan saƙon babu wanda ya sake amsa cewa yana da ita. Masu tsoro suka goge tasu a ranar, masu taurin kai suka ɓoye suka yi gum. Wa zai kai kansa ga ɗan sanda saboda waƙa?

Yaƙin dai bai tsaya ba, sai dai yanzu babu gwani kuma babu ta asali. Na'urar tana koyo, waƙar da ta tsira jiya yau an kama ta. Sai wani ya sauke wadda ta rage, ya ƙara mata gudu a kan gudun da take da shi, ya ɗora. Idan aka kama wannan, wani ya ɗauki tasa ya ƙara. Kowannensu da zuciya ɗaya yake yi, kowanne yana ganin ƙiris ya ƙara. Mai Makulli ya fi kowa sanin inda hakan ke kaiwa, shi da ba ya yarda ya yanka makulli daga wanda aka yanka daga wani, don ya san na uku ko na huɗu ba zai buɗe ƙofar ba. Ya gaya wa mai gyaran takalmi haka, da ɗaci. Amma kullum da safe shi ne mai duba zauren ya ga wacce ce ke raye, ya kai wa Inna.

Watanni suka tafi a haka. Inna ta daina tambayar wa yake korarsa. Har ma ta fara wani abu da ba ta yi a da, idan waƙar ta ƙare sai ta riƙe wayar ta shiga ba da labari. Yadda Ƙarami yake zama a bakin murhu yana rera wa kyanwa waƙa. Yadda ya taɓa shafa wa ƙofar gida shuɗin wanki ya ce fenti ne. Tana faɗa tana dariya, abinci kuma yana shiga. Matarsa ta ce tsohuwa ta sami sauƙi. Mutumin da ke zargin mai kawo masa ruwa, wannan abu ɗaya bai zarga ba, godiya ya yi wa Allah ya tafi aiki.

Abin da ya karya shi a shagon mai kayan sanyi ya faru. Ya je sauya musu kwaɗon ƙofar baya, yana tsugune da sukurdireba a baki, sai ya ji wani kiɗa mai tsalle-tsalle daga lasifika, 'yan mata biyu masu jiran canji suna kaɗa kafaɗa. Sai da aka zo amshi ya gane kalmomin. Waƙar da Ƙarami ya yi bayan rasuwar mahaifinsu ce, wadda mutane ke ajiye abin da ke hannunsu idan ta taso.

"Yarinyar nan ta iya waƙa," in ji mai shagon. "Ko ka san sunanta?"

Mai Makulli ya cire sukurdireban daga bakinsa. Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa zai yi. Ya bar kwaɗon a rataye da ƙusa ɗaya, ya nufi asibitin da Nas take aiki.

Ya same ta tana tura keken magunguna a baranda. Bai ba ta haƙuri ba, bai iya ba. Katin kawai ya zaro ya miƙa, kuma ko da take ɗaukar hotonsa da waya babban yatsansa yana kan lambar, sai da ta ce, "Yaya, ai lambar ake so," sannan ya janye shi kamar ana cire masa haƙori. Ya karanta duk abin da ta rubuta, ya sa ta sake karanta masa, ya sa hannu. Ta ce da an yi haka tun ranar farko da tuni an wuce wurin. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta fi yi masa zafi.

Kamfanin bai kawo hujja ba, bai ma amsa ba. Wa'adin da dandalin ya ba shi ya cika, wata rana da la'asar bidiyoyin suka dawo gaba ɗaya, kowanne a mazauninsa. Har yau babu wanda ya san su waye, kuma wannan shirun nasu ma Mai Makulli bai yarda da shi ba. Zauren ya yi ta murna har wayarsa ta yi zafi. Nas ta roƙi kowa ya goge gurɓatattun da ya ɗora, don masu nema su riƙa faɗawa kan na gaskiya. A nan Yaya ya sake magana, ya ce duk wanda ya bar ko guda bai yafe ba. Kafin magariba an share su tas, dama 'yan kaɗan ne na'urar ta bari.

Sai da Mai Makulli ya kashe injinsa ya zauna ya buɗe ta asali. Kiɗan ya taso a hankali. Murya ta shigo, mai kauri, mai nauyi, tana jan kalma. Ya saurara kaɗan ya tsayar, ya kira Nas.

"Malama, an taɓa wannan."

"An taɓa me, Yaya?"

"An rage mata gudu. Ƙanena ba ya ja haka. Wannan kamar mai barci. Wa ya shiga shafin?"

Ta ce ya duba ƙasan bidiyon, zai ga ranar da aka ɗora shi, shekarun baya. Ya ƙara gangarawa zai ga inda Ƙarami da kansa ya amsa wa wani mai yabo, da irin rubutunsa na rashin gaggawa. Ta ce bidiyon da aka mayar ba a iya canza masa ko numfashi. Ya duba, haka ne. Ya kashe wayar ya zauna a ƙarƙashin matakala, mutane suna hawa da sauka a bisa kansa. Ya rufe ido ya nemi muryar ƙanensa a cikin kansa, ba ta waƙa ba, ta gida, yadda yake cewa "Yaya, ina kwana." Abin da ya zo masa siririyar murya ce mai sauri. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a hannun 'yan sanda.

Da safe ya ja kujera. "Inna, yau na kawo miki shi sosai. An gyara."

Ta buɗe hannuwa ta karɓa. Muryar ta cika ɗakin. Ya zuba wa fuskarta ido yana jira, don idan akwai mai raba gardamar nan a duniya ita ce. Ta saurara, girarta ta haɗe. Ta nisanta wayar daga jikinta.

"Wannan wane ne?"

"Ƙarami ne, Inna."

"Kai dai Babba. Wannan ƙaton mutum? Wannan ai ya kusa sa'an ubanku. Cire min, sa min yarona."

"Wallahi shi ne. Waccan da kike ji lalata ta aka yi, gudu aka ƙara mata. Ke da kanki kika tambaye ni wa yake korarsa."

"Ni na haife shi ko kai? Muryarsa tana kunnena tun yana bin bayana a tsakar gidan nan. 'Yar siririya ce." Ta lalubo hannunsa ta dangwara masa wayar. "Idan ka ɓatar da shi ka gaya min gaskiya. Kada ka kawo min baƙo ɗaki."

Ya gwada washegari da wata waƙar, ta juya fuska bango. Ya gwada a rana ta uku, ta ce a rufe mata ƙofa. Shayi ya koma hucewa, labarin kyanwa da shuɗin wanki ya ɗauke. Matarsa ta ji ta tana gaya wa maƙwabciya cewa Babba ya ɓoye mata ɗanta, dama tun suna yara ba ya son waƙarsa. Wannan maganar ta shige shi har ƙashi. Ya bi dandalin kaf yana neman gurɓatacciya ko guda, babu. Masoyan Ƙarami sun ji maganar Yaya, sun yi aiki mai kyau.

Shagon Injiniya ɗan akurki ne a bakin tasha, gilashi a gaba cike da matattun wayoyi, warin dalma yana tashi. Yana sunkuye a kan wata waya da aka buɗe cikinta, bai ɗago ba sai da inuwa ta rufe masa haske.

"A'a, Yaya. Da 'yan sandan ka zo, ko suna hanya?"

Mai Makulli ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na zalunce ka." Kalmomin sun fito masa da ƙyar kamar tsatsa ta ci su. Injiniya ya ajiye abin hannunsa ya dube shi da kyau, ya ga rigar da aka saka a bai-bai da idanun da ba su yi barci ba, sai ya ture masa benci da ƙafa.

"Zauna. Me ya faru? Ai an mayar da waƙoƙin."

"An mayar. So nake ka lalata min guda ɗaya."

Ya ba shi labarin Inna a gajarce, yana kallon matattun wayoyin. Injiniya ya ture wayar da yake gyarawa gefe. Ya jawo kwamfutarsa, ya sauke waƙar daga shafin, ya buɗe ta, ya miƙa masa abin saurare ya maƙala a kunne. Ya nuna masa wani ɗan layi a allon, ya ce idan ya ja shi dama gudu yake ƙaruwa, muryar ta yi sama.

"Iya inda na tsaya a tawa ke nan," in ji shi, ya ja kaɗan. "Haka?"

Mai Makulli ya saurara. Ƙarami ne, yana ɗan sauri, amma shi ne, da kaurinsa da komai. Wannan ce wadda Inna ta tambayi wa yake kora.

"Ƙara," in ji shi.

Injiniya ya ja. Kaurin ya fara zubewa.

"Ƙara."

"Yaya, daga nan fa ba shi ba ne."

"Na sani."

Ya sani, kuma yana jin yadda ƙanensa yake ficewa daga cikin waƙar kaɗan-kaɗan da izininsa, a gaban idonsa, babu kamfani, babu ɓarawo. Hawaye suka gangaro suka tsaya a ƙasan gilashinsa, bai share ba don hannuwansa biyu suna danne da abin sauraren. Injiniya ya ɗaga yatsa daga kan kwamfutar yana jiran ya ce ya isa.

Mai Makulli ya ƙara saurara, ya auna da kunnen Inna, ya ga da saura.

"Ƙara kaɗan," in ji shi.